Zauren Gidan Fatoma

Magini ya kai layi na huɗu na bulo a ƙofar cikin zauren sa'ad da Turai ta shigo da kwanon kunu, sai da ta tattare zani ta tsallake.

"Kai Jamalu, mene ne haka? Ubanka na kwance kana toshe masa ƙofa?"

"Inna Turai, ofis za a yi," in ji Jamaluddeen, sabon kansilan da aka rantsar bayan soja sun koma bariki. "Jama'a za su riƙa zuwa. Ga ƙaramar ƙofa can na fasa ta lungu, ta ishi mutan gida."

Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanin Turai da Gidan Fatoma. Kaf Wudil an san gidan. Tun zamanin kakan Malam Gwadabe, mahaifin Jamalu, nan fataken shanu ke sauka ran Alhamis, su ci tuwo, su wayi gari a kara, kasuwar shanu, ran Juma'a, kuma zauren bai taɓa sanin ƙyaure ba. Yanzu motoci ke kawo shanu su juya a yini guda, baƙi sun ɗauke ƙafa. Ɗan gidan ma da zai buga fasta sai ya cire Fatoma daga sunansa, wai sunan dillalai ne. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Ta tarar da Malam Gwadabe a ɗaki, ya rame ya zama kamar kara.

"Sannu Malam, ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, Turai. Me ake bugawa a waje?"

"Gyara ne."

"Gyara," ya maimaita, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kunnena bai mutu ba tukuna. Ta zauren nan aka fitar da kakana, ta nan aka fitar da ubana. Ki ce wa yaron nan ya ɗan saurara mini, ba zan daɗe ba. Ni ma ta nan nake so in fita."

Ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta.

"Haba Inna, Baba zai warke in sha Allah," in ji Jamalu. "Kuma ran Asabar ciyaman zai zo buɗewa."

Takaici ya turnuƙe ta. Yaron da ta goya a bayanta, yau shi ke yi mata magana yana duba agogo.

Ran Alhamis da hantsi Malam Gwadabe ya cika. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka ɗora a makara. A ƙaramar ƙofar nan aka tsaya cirko-cirko. Lungun ya matse, makara ta ƙi juyawa, ko a tabarma aka ɗauko shi sai an lanƙwasa shi, liman kuwa ya ce bai yarda ba.

"A kawo diga a fasa bulon nan," in ji Isyaku, ƙanen mamacin.

Turai na jin su ta katanga. Jamalu ya share hawaye, ya sunkuyar da kai.

"Baffa, rana na yi. Sunna ce a gaggauta, kada mu ajiye shi saboda gini."

Isyaku ya koma gefe. Wa zai ja da kansila, kuma a kan sunna?

Ta katangar Turai aka haurar da shi. Mutum huɗu suka miƙo, huɗu suka karɓa, suka sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya suka fice ta ɗan zaurenta. Mutumin da fatake suka yi ta kwana a gidansa, da ƙofar aro ya bar unguwa. Turai ta juya baya ta yi kuka mai cin rai.

Da sawu ya ɗauke ta ga ƙasar katangar ta zubo cikin kuɓewar da ta shanya. Ta zauna a gindin katangar, ta jawo faifan, tana tsince ƙasar kaɗan-kaɗan.