Matar da ke Cikin Buhun Ulu

Duk ƙauyen Cwm Bedw an san Heulwen Pryce ce ta fi kowa shekaru, shi ya sa da Meurig mai wasiƙa ya tsinci akwatin nan bai nufi gidan kowa ba sai nata. Tun da ya ajiye aikin rabon wasiƙa ya koma tattara tarihin kwarin da ƙauyen yake ciki. A saman silin na tsohon shagon baduku ya sami akwatin, cike da faya-fayen gilashi na hotunan da badukun ya riƙa ɗauka tun kafin yaƙin duniya na farko. Ya kai gari aka wanko su, hoto tamanin da ɗoriya, babu suna ko ɗaya a jikinsu.

"Anti Heulwen, idanunki na zo aro," in ji shi, yana kakkaɓe ruwan sama daga hularsa.

"Idanun da ko ramin allura ba sa gani? Zauna dai, ka bar ɗiga min ruwa a tabarma."

Ta zuba shayi, ta yanka burodi mai zabibi ta shafa masa man shanu. Ya baza hotunan a tebur, ta ɗauko gilashin da take karanta jarida da shi. Sannu a hankali mutanen suka fara tasowa daga cikin takarda. Ga Idwal maƙeri riƙe da ƙafar doki. Ga 'yan matan gonar Hafod su uku, ɗayar ta motsa, fuskarta ta zama hayaƙi. Heulwen na faɗin suna, Meurig na rubutawa, har ta ji kamar ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙen ulu da hayaniyar waɗanda suka daɗe a maƙabarta.

"Wannan mai kunnuwan kakanka ne," ta ce. "Ka ga inda ka gado su."

Sai suka zo kan hoton ranar askin tumaki. Maza a jere kan benci, kowa da tunkiya tsakanin gwiwoyinsa. A gefe an rataye wani ƙaton buhu a jikin rumfa, wata budurwa ta shige ciki har ƙugu tana tattake ulu. Gashinta ya warware, ta jefa kai baya, bakinta a buɗe, dariya take yi har da riƙe ciki.

Heulwen ta jawo hoton kusa, ta ɗora gilashinta a kan fuskar budurwar.

"Ba ki gane ta ba?" in ji Meurig.

"Innata ce."

Meurig ya ajiye alƙalami. Shi ma ya tarar da tsohuwar yana ƙarami, mace mai baƙaƙen kaya wadda ko tari ka yi a coci sai ta waiwayo.

"Shekara hamsin da biyu ina tare da ita," in ji Heulwen, "ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba. Ashe ta iya." Ta shafa gefen hoton da yatsa. "Wa take kallo, Meurig? Duba, ba mai hoton take kallo ba."

Suka duba tare. Can bakin hoton akwai rabin kafaɗar wani da gefen hula, iyakarsa ke nan.

"A Blaen y Nant aka ɗauka, gidan kakannina," in ji ta. "Kai ni."

"Anti, wurin ya zama dajin katako tun ina makaranta."

"Na tambaye ka? Ɗauko min sandata."

Ruwan ya tsagaita lokacin da suka hau tudu a motar Meurig. Farin hazo ya kwanta a kwarin, motar na ratsa shi kamar tana tafiya cikin madara. Inda hanya ta ƙare suka taka a ƙasa, yana riƙe da gwiwar hannunta. Bishiyoyin sun tsaya sahu-sahu, ba kukan tsuntsu, sai ɗigar ruwa. Gidan ya rushe, saura murhu da dakalin ƙofa, gansakuka ta lulluɓe su.

Heulwen ta zauna a dakalin ta lumshe ido. Daga ƙasa wani rafi na ta zuba, a cikin ƙararsa ta riƙa jin kukan tumaki da ƙas-ƙas ɗin almakashi, da wata mace tana kiran maza su zo cin abinci. Ta kasa kunne ko za ta ji dariyar. Wani lokaci kamar ga ta nan, sai kuma ta zama ruwa. Ba ta ji baƙin ciki ba. Ji ta yi kamar an ba ta wata ƙanwa da ba ta san tana da ita ba.

Da ta buɗe ido, rana ta huda hazon, Meurig na tsaye nesa kaɗan yana wasa da hularsa.

"Sanyi zai kama ki, Anti."

"Nesta da ke gidan tsofaffi a can gari ta girme ni da shekara shida," ta ce, tana miƙa masa hannu ya ɗaga ta. "Kunnenta ya tafi, amma kanta garau yake, ƙila ta san wanda Inna take kallo. Gobe da safe ka zo mu je mata da akwatin. Kuma ka wanke motar nan, warin kare take yi."