Keke Na Uku

Ham Deok-su ya zagaya bayan tirelar kwanan da yake ja da motarsa, kofin shayi a hannu, sai ya tsaya cak. Kekuna biyu ne a kan maratayi. Uku suka ɗora da safe. Inda na ukun yake, bel ɗin ɗauri ne kawai ke reto, bakinsa ya gogi kwalta har ya yi baƙi.

"Baban Eun-bi, taliyarka tana hucewa fa," in ji matarsa Sun-rye. Da ta ƙaraso ta ga abin da yake kallo, ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Ina keke ɗaya?"

Ihunta ya fito da 'yarsu Eun-bi da mijinta Pyo Sang-min daga ɗakin cin abinci na wurin hutawar matafiya da suka tsaya a babbar hanya. Sang-min ya ɗaga bel ɗin yana juya shi, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ba kai ka ɗaure ba?" in ji Eun-bi.

"Ni na ɗaure. Na ja kowanne sau biyu."

"Sau biyu! Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa a gida? Na ce ka bar wa Baba, ka ce kai ka karanta takarda. To ga takarda nan!"

Deok-su ya kurɓi shayin, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Da safe a Suwon, a filin ajiye motoci na gidansu, yana tsaye surukin nasa ya yi aikin, takardar bayani a hannu ɗaya. Keke mafi nauyi ya fara ɗorawa kusa da jikin tirelar, kowane keke kuma bel uku, biyu a tayoyi, ɗaya a jiki. Ɗaurin ba shi da aibi. Amma shekara talatin Deok-su ya yi yana gyaran manyan motocin haya, ga kuma yaron ofis yana masa aiki da takarda a kan sabuwar tirelarsa. Da sauran suka hau sama ɗauko kayan abinci, sai ya kwance keken da ke can ƙarshe, wai zai juya kansa kada ya karce fenti. Bel ɗaya ya mayar, maƙwabci ya zo yana roƙon ya matsa masa da mota. Ya ce a ransa zai dawo ya ƙarasa. Bai dawo ba.

Har a hanya Sang-min ya ce, "Baba, ko za mu ɗan tsaya mu duba ɗaurin? An ce bayan tirela ya fi ko'ina jijjiga."

Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Ni za ka koya wa jijjiga?"

Suna nan tsaye wayar Deok-su ta yi ƙara. Ɗan sandan babbar hanya ne. Kyamarar wata mota ta ɗauki lambar tirelar. Keken ya faɗo a tsakiyar titi, wata mata da ke bayansu ta kauce masa ta daki shingen ƙarfe. Tana asibiti a Wonju.

"Tana da rai?" Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba.

"Tana da rai. Ƙashin kafaɗa da na hannu ne suka karye. Ku zo yanzu."

Suka cire tirelar suka bar ta a wurin hutawar, suka juya baya. A motar Eun-bi ta juya fuska ga taga, ta janye hannunta lokacin da mijinta ya taɓa shi. Sun-rye ta matso kusa da kunnen Deok-su.

"Don Allah kada ka yi masa faɗa. Dubi yadda jikinsa ke rawa. Kuskure ne."

Ya buɗe baki, ya hango idon 'yarsa a madubi, ya rufe. Tun tana ƙarama takan ce wa ƙawayenta ba abin da babanta ba ya iya gyarawa. Ya ƙara riƙe sitiyari.

A barandar asibitin ɗan sandan ya karɓi lasisinsa. "Alhakin kaya a wuyan direba yake, wannan ka sani. Amma sai na rubuta wanda ya ɗaura."

"Ni ne," in ji Sang-min, tun kafin kowa ya motsa.

Wani mutum mai rigar aiki ya miƙe daga benci. Mijin matar ne. "Kai ne? Matata girki take yi wa yara ɗari uku a makaranta. Da wane hannu za ta ɗaga tukunya yanzu? Ku kun tafi shaƙatawa bakin teku, ita kun kwantar da ita!"

Sang-min ya sunkuya har kansa ya kusa kai gwiwa, ya tsaya a haka. "Ka yi haƙuri. Laifina ne." Mutumin ya ci gaba da zazzaga masa masifa, Sang-min bai ɗago ba. Deok-su yana gefe riƙe da hularsa, yana kallon zufar da ke gangarowa ta ƙeyar yaron.

Da aka ce za a iya ganin matar nan da ɗan lokaci, Sun-rye ta tura mijinta da Sang-min ƙasa su sayo kwalin lemo, kada a shiga hannu rabbana. Suka saya. A bakin shagon Deok-su ya tsaya.

"Pyo."

"Na'am, Baba."

"Keken nan…"

"Baba, ka bar shi haka."

Deok-su ya dube shi.

"Da za mu shiga mota na ga kansa a juye," in ji Sang-min, idonsa a ƙasa. "Ni ba haka na bar shi ba. Na ɗauka gyara mini ka yi, sai kunya ta hana ni taɓawa. Da na sa hannu na ja bel ɗin, da yanzu matar nan tana gida. Ka ga ai ni ma ban fita ba."

"Ka sani, kuma ka tsaya ana zaginka?"

"Eun-bi za ta huce. Kwana biyu ne, ta saba yi mini tsiya." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Amma kai, a gaban Mama da ita…"

Bai ƙarasa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce su tana tura gadon marar lafiya, suka matsa gefe. Deok-su ya miƙa hannu ya karɓi kwalin lemon. Yaron bai so ya saki ba, sai da ya ɗan fizga.

Suka hau sama. Ɗan sandan yana haɗa takardunsa zai tafi.

"Ranka ya daɗe, ɗan dakata," in ji Deok-su. "Akwai layin da za ka soke, na sunan wanda ya ɗaura."

Ya juya ga surukinsa, ya cusa hularsa cikin aljihu.

"Je ka kira mini matarka da uwarta. Su zo su tsaya kusa, inda za su ji."