Mai Ɗanɗana wa Shanu Ruwa

Malam Nababa ya cika ranar Laraba da hantsi a bayan a-kori-kura, kafin a isa da shi asibiti a Ɗanbatta. Ranar Litinin ya sha tafi uku na ruwan kududdufin bayan gari.

Maƙwabcinsa Hashimu yana wurin. Shekara talatin katanga ɗaya ta raba su, ya kuma san halin tsohon: shanun huɗarsa ba sa sa baki a ruwa sai shi ya duƙa ya shinshina, ya kurɓa. Mutanen gari na ce masa likitan kududdufi, suna dariya, amma sai ya saki igiya suke sakin tasu.

Ran Litinin ɗin matattun kwaɗi ne birjik a gefen ruwa, ciki sama. Tsohon ya kurɓa, ya ƙara sau biyu don ya tabbatar.

"Hashimu, janye su. Wani ya wanke tankin feshi a nan."

Da la'asar amai ya fara.

Gida goma sha ɗaya ke feshin wake a garin. Masu gidajen duk sun zo zaman makoki, sun cinye gumba, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Hashimu ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ko sunkuyar da kai.

Ran sadakar uku Abdulkabir, malamin dabbobi, ya zo bakin kududdufin a babur. Ya tsaya can kan tudu saboda takalminsa, ya miƙa wa Hashimu robar lemo ya ɗebo masa ruwan a kai gwaji. Ya yi bayani mai tsawo cewa harshe ba ya auna ruwa, sai na'ura, na'urar kuma tana Kano.

"Shi ma Baba, wa ya aike shi?"

"Shanu, Malam," in ji Hashimu.

Tun ranar Hashimu yake jan guga a rijiyar gidansa yana shayar da shanu huɗu, nasa da na marigayin. Bayan mako uku rijiyar ta fara kawo laka, ba za ta ƙara mako ba. Ya bi sawun sakamako har ofishin Abdulkabir, ya tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo. Ya leƙa ta taga. Robar na kan tebur, ko suna babu a jikinta. Dattin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau.