Shekarar da Pulong Ya Zama Yusufu

A ranar ɗaya ga Disamba ta kowace shekara ƙungiyarmu takan loda kayanta a babbar mota, ta kama hanyar bakin teku, ta bi garuruwan tsibirin Negros ɗaya bayan ɗaya da wasan waƙa na Kirsimeti. Wasan ba ya sauyawa: Yusufu da Maryamu suna neman wurin kwana, ana hana su, har su ƙare a garken shanu. Da rana muke yin sa, a filin ƙwallon kwando mai rumfa na kowane gari, domin mutanen kan tudu su samu motar komawa gida da haske. Ni nake ɗinka kayan 'yan wasa, kuma a hannuna gwangwanin biskit yake, wanda ake ajiyewa a bakin ƙofa don masu kallo su jefa ra'ayinsu a 'yan takardu.

Mai ƙungiyar, Nang Doring Magbanua, ba ta damu da abin da jarida ko rediyo suka faɗa a kanmu ba. Gwangwani take saurare. Idan mun kama hanya sai in buɗe shi in karanta takardun da ƙarfi, ita kuma tana gaban mota tana jinjina kai. Da maganar gwangwani ta taɓa rage tsawon waƙar makiyaya, da maganarsa kuma ta cire wa mala'ika fukafukan gashin kaza.

Crispulo Abellana, wanda kowa yake kira Pulong, ya shekara ashirin da bakwai yana fitowa a matsayin mai masauki. Kafin ya shigo cikinmu tallar kifi yake yi a kan keke, kuma da wannan muryar ya zo. Ba a taɓa maƙala masa lasifika ba. Idan ya leƙo ya ce "Babu wuri!" ya buga ƙofa, yara sukan fashe da kuka, tsofaffin mata su yi alamar gicciye, samari su yi ta jifansa da ɓawon gyaɗa. Bayan an tashi kuma su ne za su yi layi su ɗauki hoto da shi.

A watan Satumba na shekarar da nake magana a kai, mutumin da yake yi mana Yusufu ya koma wurin 'yarsa a Cebu. Washegari Pulong ya sami Nang Doring a ɗakin ajiyar kaya, ina gefe ina gyaran rigar sarki.

Ya ce, "Nang, ki ba ni Yusufu."

Ta ce, "In ba ka shi ka kai shi ina?"

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Yusufu mutum ne mai roƙo. Kai kuwa ko gishiri ka ce a miƙo maka, sai a ɗauka 'yan fashi ne suka shigo."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan akwati ya faɗa mata abin da dukanmu muka sani amma ba mu taɓa ji daga bakinsa ba. Mahaifiyarsa, Nanay Iska, ba ta taɓa kallon wasan ba. Tun shekarar farko ta rantse ba za ta zauna tana kallo ɗan da ta haifa yana rufe wa Budurwa Maryamu ƙofa ba. Garinsu, Malapuyan, shi ne zangonmu na ƙarshe, ranar ashirin da uku ga wata, wasa biyu, na safe da na yamma, kuma gidanta yana bayan filin, titi ɗaya ne tsakani. Saboda haka duk shekara idan ranar ta zo sai ta tafi wurin ƙanwarta a kan tudu. Bana ƙanwar ta rasu. Ita kuma ta cika casa'in da ɗaya, idanunta sun tafi, ƙafafunta ba sa kai ta ko'ina.

Ya ce, "Ba na jin za ta sake ganin wata Kirsimetin. Sau ɗaya nake so ta zo ta zauna a gaba."

Daga baya Nang Doring ta ce ta yarda, da sharaɗin zai koyi sassauta murya. Mai masauki kuma ta ba wa Renante, wani malamin makaranta da yake fitowa a makiyayi, mutum mai kunya wanda yakan ba kare haƙuri idan ya taka masa wutsiya.

Wata biyu ana koya wa Pulong raɗa. Idan ya ɗaga murya sai Nang Doring ta buga cokali a kan tebur. Salud, wadda take yin Maryamu, takan kira shi Manong, wato yaya, ta ce masa, "Manong, matarka nake, ba mai sayen kifi ba. Ina nan kusa, ina jin ka." A hankali ya koya. Ya mayar da muryar can ciki, ya bar 'yar siririya tana fitowa, aka maƙala masa lasifika a wuya karo na farko a rayuwarsa.

An ba da sanarwar a rediyon gari, aka kuma liƙa takardu a kasuwanni: bana Crispulo Abellana ne Yusufu, mai masauki kuma sabuwar fuska. Mutane sun zo da yawa a garuruwan farko, don su gani da idonsu. Gwangwani ya cika har murfin ba ya rufuwa.

Na karanta takardun cikinsa a hanya kamar yadda aka saba. Wata daga Tanjay ta rubuta: "Wane irin mai masauki ne wannan, yana korar mutane kamar zai yi kuka? Da ni ce Maryamu, ture shi zan yi in shiga." Wani ya rubuta: "Na zo da gyaɗa leda biyu, na koma gida da ɓawon a aljihu. Wa zan jefa?" Wata tsohuwa a Bais, da rubutu mai rawa, ta ce: "Yusufun nan na san fuskarsa. Duk lokacin da ya matsa kusa da Budurwa sai gabana ya faɗi." Akwai waɗanda suka yi ƙorafin kujeru, akwai wanda ya nemi a ba shi lambar wayar Salud. Mutum ɗaya ne ya yabi sabon Yusufu, kuma direbanmu ya rantse cewa rubutun Pulong ne.

Pulong ya ce, "Ni ban iya rubutu mai kyau haka ba."

Direba ya ce, "To, ka ba wani ya rubuta maka. Manong, mu ma 'yan gari ne."

Da muka wuce gari na takwas, kujerun baya suka fara zama babu kowa. Takardun ma suka ragu, kuma wannan ya fi damun Nang Doring fiye da zagin. A Guihulngan, muna cin shinkafa da busasshen kifi a ƙarƙashin rumfar coci, ta ajiye cokalinta ta ce daga gobe kowa zai koma wurinsa. Renante ya ɗaga ido sama kamar wanda aka sauke wa kaya.

Ya ce, "Nang, Allah ya saka miki. Jiya wata mata ta tare ni ta ba ni wainar shinkafa, wai ta ga alama ba da son raina na kore su ba."

Pulong ya ce, "Mun yi magana, Nang."

"Mun yi magana kafin gwangwani ya yi tasa. Shekara talatin ina tare da shi, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Gwangwani ba shi da uwa."

Salud ta ci gaba da cire ƙaya daga kifinta. Nang Doring ta ɗauki cokalin ta juya shi a hannu, sannan ta ce zai riƙe Yusufu har wasan safe na Malapuyan, kuma kada wanda ya sake tayar mata da maganar. Haka muka ƙarasa garuruwa shida da suka rage, rabin fili a cike, rabi kuma kujeru.

Ranar ashirin da uku, tun ƙarfe tara, ƙanwar Pulong mai suna Conching ta kawo tsohuwar a babur mai ƙafa uku, duk da cewa tafiyar ba ta kai taku ɗari ba. An sa mata rigarta ta zuwa coci, mai faffaɗan hannu, da mayafin leshi. Maza biyu suka ɗauke ta da kujerarta suka ajiye a layin gaba, a tsakiya. Ta ɗora hannuwa a kan sandarta, ta karkata kai gefe ɗaya irin na masu sauraro da kunne.

A iya sanina, Pulong bai taɓa yin wasa mai kyau kamar na wannan safiyar ba. Ya roƙa a ƙofar farko, ya roƙa a ta biyu. A ƙofar mai masauki ya yi waƙarsa a hankali, muryar ba ta karye ba, ba ta kuma tashi ba. A garken shanu ya tsaya bayan Salud yana bin waƙarta daga ƙasa, kamar yadda aka koya masa. Nang Doring, da take tsaye kusa da ni a bayan labule, ta ce, "Ka ga, sai yau ya iya."

Da aka tashi, ya sauko bai ko cire gemun ba. Ya durƙusa, ya ɗauki hannun tsohuwar ya kai goshinsa.

Ta ce, "Pulong ne? To, kai yaushe za ka fito?"

"Nanay, ai an gama."

"An gama me? Ina zaune tun farko ina jiran ka."

"Ni ne Yusufu, Nanay. Ni na yi roƙo a bakin ƙofa."

"Wanne? Wancan mai mura?"

Conching ta ce, "Ba mura ba ce, Nanay, haka ake yin Yusufu. Manong ne, na rantse. Ga gemun nan, taɓa ki ji."

Tsohuwar ta taɓa gemun, ta janye hannu ta goge a rigarta.

Ta ce, "Wannan igiyar ayaba ce. Ni an ce mini ɗana zai fito. Na ji wani bawan Allah mai ladabi, Allah ya yi masa albarka, ya kula da matarsa. Amma ban haife shi ba. Ɗana tun yana cikin zane ake jin sa daga bakin ruwa."

Pulong ya daɗe a durƙushe. Mutane suna wucewa suna gaida tsohuwar, suna ce mata barka, ɗanta ya zama mutumin kirki, tana amsawa da kai. Sannan ya tashi ya zagayo bayan labule, ya cire lasifikar daga wuyansa ya ajiye a kan akwati, ya tambaye ni ina rigar mai masauki. Na ce na rage mata faɗi don ta yi wa Renante daidai. Ya ce in warware. Nang Doring ta kira Renante ta ce ya je ya gwada gemu.

Kafin a mayar da tsohuwar gida, Pulong ya koma ya faɗa mata abin da zai yi da yamma.

Ta ce, "Ka san maganata."

"Na sani."

"To, a kai ni gida. Conching, kama nan."

Labari ya zaga gari kafin azahar. Ƙarfe uku filin ya cika, mutane har kan katangar coci. Kujerar tsakiya ta layin gaba wani mai shagon magani ne ya zauna a kai da jikarsa. Renante ya yi Yusufu da sauƙi, don dama haka yake magana. Da suka isa ƙofa ta uku, Pulong ya leƙo, ya kalle su sama da ƙasa, ya cika ƙirji. Tantabarun da suke cikin rumfar suka tashi gaba ɗaya. Wani jariri ya tsala kuka, ɓawon gyaɗa ya yi ta sauka, wata mata ta miƙe tsaye tana ce masa marar imani, mijinta yana jan ta ta zauna.

Abin da ya faru a gidan, Conching ce ta ba mu labari, lokacin da ta kawo mana ruwan kwakwa muna naɗe labule. Ta ce tsohuwar tana kwance a gadonta na gora kusa da taga, ta juya wa filin baya, tana jan carbinta. Da muryar ta tsallako titi, sai yatsunta suka tsaya.

Ta ce, "Ga shi nan. Ko kunya ba ya ji."

Conching ta tambaye ta ko a rufe tagar.

Ta ce, "Bar ta. Zafi ake yi."

Pulong yana zaune a kan akwati yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga gashinsa lokacin da aka faɗi wannan. Ya tambaya ko ta ƙara cewa wani abu. Conching ta ce a'a, amma ba ta koma ga carbin ba sai da ya gama waƙarsa duka, baiti huɗu.