Biyar ga Wata a Tungar Mode

Matan Tungar Mode masu noman shinkafa suna taruwa ran biyar ga kowane watan Musulunci, a ƙofar gidan shugabarsu Inna Ige. Haka suka saba tun kafin wani ofishi ya san da zamansu. Sakinatu ce aka ba aikin kai musu iri da sauraren matsalolinsu, wata huɗu ke nan da ɗaukarta aiki a wata ƙungiyar taimakon manoma a cikin Sakkwato.

A watan Rajab ta yi kuskure. Wayarta ta nuna biyar ga wata ranar Talata ce, ta tafi ranar Talata. Ashe an ga wata a Sakkwato kwana guda kafin lissafin wayar. Mata arba'in sun bar fadama ranar Litinin, sun jira ta har azahar, sun watse. Anti Monica, shugabar sashensu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai idan hakan ta sake faruwa za ta miƙa ƙauyen ga wani, ta kuma ce ta nemi dayari na takarda kafin sabuwar shekara ta shigo.

Ranar Asabar Sakinatu ta hau kabu-kabu zuwa Gidan Igwai, shagon littattafan Malam Abdulwahabu, wanda ke tsakanin mai gyaran waya da mai tuyar awara. Dayarin sabuwar shekara suna jere a kan tebur. Akwai ƙanana na aljihu, waɗanda layi biyu ke cika ranarsu. Akwai masu mako guda a shafi biyu, an matse Asabar da Lahadi a lungu ɗaya. Ta ɗauki wani mai baƙin bango da ruwan zinari a bakin shafukansa. A saman kowace rana an buga kwanan watan Bature, a ƙarƙashinsa na Hijira da jan tawada. Ta ji hankalinta ya kwanta.

Malam Abdulwahabu ya tambaye ta wane irin aiki za ta yi da shi. Ta so ta ce na ofis ne kawai, ta biya ta wuce, amma dattijon bai nuna yana sauri ba, sai ta ba shi labarin Tungar Mode a taƙaice, idonta a kan teburin.

"Ɗiyata, wanga na da kyau, kuma na hi cin riba gare shi," in ji shi. "Amma tun da daɗewa anka buga shi, can wata ƙasa. Wanda ya buga shi ya ga watan Sha'aban da za mu gani?"

Ya jawo nasa daga ƙarƙashin kanta. Shuɗi ne, bangonsa kwali, kowace rana da shafinta, da fili mai faɗi a gefe. A wannan gefen ya bi ranakun shekara da fensir yana rubuta kwanan wata da hannunsa. Ya ce ba ya rubuta ɗaya ga wata sai ya ji sanarwa daga fada, daga nan ya jera har ashirin da tara ya tsaya. Abin da ya wuce nan, in ji shi, ba shi da ikon rubuta shi da biro.

Sakinatu ta juya mai ruwan zinarin a hannunta. Irinsa ne manyan ofishinsu ke ajiyewa a kan tebur lokacin taro. Ta mayar da shi wurinsa a hankali, ta sayi irin shuɗin da fensir biyu da abin gogewa.

A gida ta zauna ta jera kwanakin Rajab a gefen shafukan Janairu. Ta sa ranar awon idon mahaifiyarta, da bikin ƙawarta Kausar, da ranar miƙa rahoto. Da ta zo kan taron Tungar Mode sai ta ga inda matsalar take. Idan an ga watan Sha'aban, biyar ga wata Talata ce. Idan Rajab ya cika talatin, Laraba ce. Motar ofis kuwa guda ce, kuma sai an sa sunan mai fita da ita mako biyu kafin ranar, rana ɗaya tak.

Kwana biyu tana shiga ofishin Anti Monica da wata takarda ta fito ba ta faɗa ba. A rana ta uku ta buɗe dayarin a gabanta, ta nuna shafuka biyun.

"Anti, ina roƙon a riƙe mani mota Talata da Laraba. Ranar Jumma'a da safe zan saki ɗaya."

Anti Monica ta cire tabarau ta dube ta. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a wannan ofis ba wanda ya taɓa neman mota kwana biyu don tafiyar yini ɗaya, kuma Markus na sashen kiwo zai cinye ta da mita. Sakinatu ta bayyana mata yadda lissafin yake. Anti Monica ta bi rubutun fensir ɗin da yatsa. Ta ce maƙwabtanta a Gidan Dahala ma haka suke kwana ba su san ko gobe azumi ne ba, ita ce dai ba ta taɓa haɗa hakan da zancen mota ba. Ta ɗauki biro ta sa sunan Sakinatu a ranakun biyu.

"Jumma'a ƙarfe tara," in ji ta. "In kin wuce, ke da Markus."

Ranar Jumma'a da safe rediyon mahaifinta ya ce ba a ga wata ba, Rajab zai cika talatin. Ta goge Talata, ta rubuta ɗaya ga Sha'aban a gefen Asabar. Tara saura kwata ta leƙa ofishin Markus ta ce masa motar tasa ce ranar Talata. Ya tambaye ta ko yanzu sai an duba sama kafin a ba shi mota. Ta yi murmushi ta ce a wannan makon dai haka ne.

Ranar Laraba motar ta sauka daga kwalta ta bi hanyar rairayi. Tun daga nesa ta hango tabarmi a shimfiɗe da mata zaune, wasu da laka a ƙafa. Inna Ige ta taso tana gyara mayafi, ta leƙa bayan motar ta ga buhunan iri, sannan ta dubi Sakinatu.

"Yau kin zaka ran da mutane ka zakkuwa," in ji ta. Ta juya ta ce a matsa a ba malama wuri.