Jan Hannun Ramiz

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Toros babu mai saƙa darduma kamar Nazife, matar Ramiz mai gyaran tarakta. Da ta haura hamsin sai gaɓoɓin yatsunta suka fara kumbura, har ƙulla zare ya gagare ta. Likita ya ce sanyin ƙashi ne, ya ba ta ƙwayoyi. Tana sha, amma da safe ko kofin shayi ba ta iya riƙewa.

Inna Dudu, tsohuwar da ke haɗa mana man shafawa, ta ce saiwar hawajiwa, wani tsiro mai jar saiwa da ke fitowa a kan dutse, za ta kwantar da zogin, sai dai ita yanzu hawa dutse ya fi ƙarfinta. Washegari Ramiz ya ɗora tsohuwar a tarakta har inda hanya ta ƙare. Tana zaune tana nuni da sanda, shi kuma yana haƙa.

Ta koya masa yadda ake dafa saiwar a man zaitun da kakin zuma, a kan wuta kaɗan-kaɗan. Tukunyar farko ya ƙona ta. Ta biyu ta fito ja wur. Kullum da safe yakan zaunar da Nazife ya murza mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa tsiya wai yana matsawa kamar mai ɗaure noti.

Jan ya kama masa hannu, sabulu ya kasa fitar da shi. Ranar da ya shiga shagon shayi, Sabri mahauci ya dube shi ya ce, "Amarya ta sha lalle, mu ko goron gayyata babu. Wa ye angon?"

"Kai ne mana, tunda duk ka fi kowa damuwa," in ji Ramiz, ya ja kujera ya zauna.

Ciwon bai tafi ba, amma ya lafa. Nazife ta koma saƙa da hantsi kawai, dardumar da a da take gamawa a hunturu ɗaya ta ci mata biyu.

Inna Dudu ta rasu da bazara. Ba a daɗe ba mata suka fara zuwa garejin Ramiz da kwalabe a hannu, suna neman man shafawa. Yakan ce musu shi makanike ne, su rabu da shi. Sannan ya ce su ajiye kwalaben a kan benci, su dawo ranar Juma'a.