Waƙafin da Ya Ɓata a Takardun Magani

Zuwan Nilda Ferreira na uku ke nan a mako guda asibitin dabbobi na garin Tacuarembó, kuma kan ƙorafi ɗaya. Ita ta saka musu sabuwar kwamfuta ranar Juma'a. Doña Zulma, mai buga takardun da ake manna wa kwalaben magani, ta dage cewa madannan kwamfutar suna haɗiye wasu haruffa.

Nilda ta zauna, ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ta kira manhajar buga takardun daga can kamar yadda ta saba. Ta danna kowane maɓalli. Duk suka fito.

"Ga shi nan lafiya lau, Doña. Ko dai yatsun ne suka fara neman fansho?"

"Yatsun nan sun girmi uwarki a aiki," in ji Zulma, ta ajiye ƙoƙon shayin mate. "Ke kullum ta wannan baƙin ramin kike shiga. Shiga ta ƙofar mutane mu gani."

Nilda ta rufe, ta danna tambarin manhajar da ke fuskar kwamfutar. Haruffa biyu suka ƙi fitowa. Nan ta gane. Akwai layin saiti ɗaya da ke gaya wa manhajar ƙasar da take da irin madannanta. Ta rubuta shi a fayil ɗin da baƙin allon kaɗai ke karantawa. Wanda ya shiga ta tambari, manhajar ba ta san da layin ba.

Don ta tabbatar, ta koma gurbin awon magani ta buga biyu, waƙafi, biyar: mililita biyu da rabi. Allon ya nuna 25: waƙafin ya ɓace, awon ya ninka sau goma.

Ta sake bugawa. 25.

"Doña, kina duba allo idan kina buga lambobi?"

"Shekara talatin da ɗaya takardar likita nake kallo, ba allo ba. Me ya faru? Kin yi fari fat."

"Takarda nawa kika buga tun Litinin?"

Suka jawo kwafin takardun. Tara ne. Takwas ba su da rabi a awonsu, sun fito daidai. Ta tara ta wani mai kiwon shanu ce, Don Heber Olivera, maganin tsutsa na maruƙa arba'in, an karɓa jiya da yamma.

Zulma ta rasa kujera, ta zauna kan kwalin allurai. Nilda ta kira lambar gonar. Sai a kira na huɗu aka ɗauka, ana jin kukan shanu da ƙarar ƙofar ƙarfe.

"Don Heber, daga asibiti ne. Kada ka yi allurar nan!"

"Dama ina shirin kiranku, 'yata. Kwalbar taku ƙarama ce, a maraƙi na shida ta ƙare."

"Shidan suna ina?"

Ta ji kamar ya juya yana dubawa.

"Huɗu na tsaye," ya ce. "Biyu sun kwanta."

Zulma ta riga ta fita da gudu tana ƙwala wa likita kira.